Loka Biyu da Hon Ɗaya

Ni tela ne, abin da na sani game da mota bai wuce wurin zama da ƙofar fita ba. Amma tunda rumfar shagona ce ta fara shan wuya a wannan al'amari, ina ganin na fi kowa haƙƙin ba da labarinsa.

Matata tana da ƙane ɗaya tak, kuma da a ce biyu ne irinsa da tuni na yi ƙaura. A unguwa Na-Sani ake ce masa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen zance a gabansa ba. Ka ce masa an yi ruwa jiya, zai ce ya sani. Ka ce masa haƙorinka na ciwo, zai ce ya sani, har ya gyara maka cewa ba wancan ba ne, na kusa da shi ne. Ita kuwa matar tawa kowa Yaya yake ce mata saboda bakinsa, har ni da na girme ta na wayi gari ina faɗa.

Yaya tana da a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, da ita take ɗauko tumatir daga gonakin tsallaken rafi zuwa kasuwa. Da can ita take tuƙa abarta, ita ce ma ta koya wa Na-Sani tuƙi. Sai da taka kuloci ya fara damun gwiwarta sannan ta miƙa masa makullin. Ta yi haka ne don tausayi, domin duk inda aka ɗauke shi aiki ba ya cika wata guda sai ya fara koya wa maigidan sana'arsa. Wannan makulli shi ne duk girman Na-Sani a duniya. A yatsa yake rataye shi yana kaɗawa, ko da kuwa ƙofar gida kawai ya fito shan iska. Kuma tun da ya same shi ya daina gaisuwa da baki. Mai askin layinmu hon biyu yake samu, mai facin taya uku, wanda ya tsaya masa a hanya dogo guda ɗaya mai tsinka hanji. Kwana kuwa ba ya shanta sai ya sanar da duniya.

Matsalarsa ɗaya ce, mashigar rafin nan. Sau uku a damina guda yana kafewa a lakarta da kaya fal, sau uku kuma wani mai tarakta da ke noma a bakin rafin yana jawo shi da sarƙa yana dariya. Kafin a fito rana ta dafa tumatirin, abin da ke isa kasuwa sai a zuba wa awaki. A karo na uku Yaya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ban tsoro ke nan. Cewa kawai ta yi ranar Alhamis da kanta za ta bi shi, idan kayan ba su isa kasuwa da mutuncinsu ba ya ajiye mata makullinta.

Na-Sani ya ce laifin ba na direba ba ne, na mota ne, kuma ya san maganin abin. Akwai wani ƙarfe da ake kira loka, da zarar an sa shi motar za ta iya hawa bango. Yaya ta yarda a saya, amma ta ce in bi shi in zama kunnuwanta.

Mai sayar da kayan gyaran mota dattijo ne mai haƙuri, gilashinsa a ƙarshen karan hanci. Ya ɗauko murafen gwangwani biyu ya yi mini bayani, tunda ya lura ni kaɗai nake sauraro. Ya ce a tsakiyar ƙarfen da ya haɗa taya da taya akwai wata tukunya cike da giyoyi, makanikai na ce mata difaranshal. Aikinta shi ne ta bar tayar waje ta fi ta ciki sauri idan ana shan kwana. Aibinta kuwa a laka yake fitowa: duk ƙarfin sai ya tafi ga tayar da ke santsi, ita kuma wadda ke kan ƙasa mai kyau ta naɗe hannu tana kallo. Loka ita ce ke ɗaure su biyun su juya tare, ko suna so ko ba sa so.

Iri uku ya shimfiɗa a kan tebur. Ta farko da iska take aiki. Na-Sani ya ce shi ba zai ɗora mutuncinsa a kan iska ba, wadda ko a tayarsa ba ta zama. Ta biyu mai kulle kanta ce, da ta ji santsi sai ta kama, kuma dattijon ya ce ita ta fi dacewa da mutum irinsa, don ba ta buƙatar a tuna da ita.

"Baba, a motata shugaba ɗaya ne," in ji Na-Sani. "Ba na son ƙarfen da zai yi aiki ba da izinina ba."

Ta uku ta lantarki ce, da maɓallinta mai jan haske. Tun da ya ga maɓallin nan idonsa bai ƙara barinsa ba. Ya ce a ba shi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Dattijo ya cire gilashi ya ce ta baya kaɗai ta ishi mai ɗaukar tumatir. Idan kuma dole sai ya sa ta gaba, to kada ya kuskura ya kulle ta a kwana, domin sitiyari zai zama ado: ka murɗa shi hagu, motar ta tafi inda hancinta yake kallo.

"Na sani," in ji Na-Sani, yana danna maɓallin a cikin ledarsa.

Na kai wa Yaya rahoto yadda na ji. Kafin in rufe baki Na-Sani ya riga ya cika mata kunne da cewa mota mai loka ɗaya gurguwa ce, ita kuwa ta gaji, ta ce a yi yadda yake so, Alhamis dai na nan tafe.

Bakanike ya kwance tukwanen biyu ya sa lokokin, ya ce saura haɗa waya, a kai wa ɗan riwaya. Nan Na-Sani ya tubure. Ɗan riwayan nan ya taɓa gaya masa a gaban mutane cewa ya juya kan batir, shi kuwa bai manta ba. Ya ce waya biyu ce kacal, ko makaho zai haɗa. Ranar Talata da hantsi ya faka a ƙofar shagona, ya ari almakashina ba tare da ya tambaya ba, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari ƙafafunsa a waje. Da ɗan kwan fitila yake gwada wayoyin, wai duk wadda ta kunna shi ita ce mai wuta. Ya taɓa wannan shiru, ya taɓa waccan shiru. Can bayansa ya gaji, ya miƙa hannu sama ya dafa sitiyari don ya gyara kwanciya. Hon ya yi ƙara, kwan fitila ya kama.

Ya fito fuska duk baƙin mai yana washe baki. Ya ce mun ji ko, ita kanta motar ta shaida ya samo wayar.

Daga baya ne muka san abin da ya aikata, amma gara in faɗa tun yanzu. Lokokin nan biyu ya ɗinke su ne a jikin wayar hon. Maɓallin kuwa ya haɗa shi da wata waya dabam, yana haske kyakkyawa amma ba ya taɓa komai. Wato duk lokacin da Na-Sani ya gaida mutum, tayoyin nan huɗu sai su kulle, ya saki hon su saki. Ko ni da ban san waya ba na san idan ka ɗinke hannun riga a jikin aljihu mai rigar ba zai iya ɗaga hannu ba.

Ya tara mu gwaji, ni da mai aski da mai faci. Ya danna maɓalli ya yi ja, ya kashe, ya sake dannawa, har sai da mai aski ya ce ya gani, abu ya yi kyau. Sannan ya tafi ƙarshen layi ya juyo, don ya nuna mana yadda gwani ke shan kwana. Shagona a daidai kwanar yake, rumfar kwano a gaba, na rataye wanduna uku da rigar wani malamin makaranta da zai zo karɓa da azahar. Na-Sani ya taho, ya fara murɗa sitiyari, sai ya ga ai bai gaida mai aski ba. Ya danna hon.

Na ga tayoyin gaba sun juya hagu da idona, na kuma ga motar ta taho wurina kai tsaye tana gurnani. Ban san ina da sauran tsalle a jikina ba sai ranar. Ta ɗauki rumfar da ginshiƙanta biyu, ta tsaya taku ɗaya daga keken ɗinkina, rigar malamin a shimfiɗe a ƙarƙashin taya.

Ya sauko yana duba ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ya ce kwanar ce ta matso. Na ce shekara goma sha tara nake a kwanar nan ban taɓa ganin ta motsa ba. Ya ce to rumfar ce na ƙara mata tsawo. Mai faci ya ce shi dai ya ji wani ƙwas a ƙarƙashin motar kafin ta miƙe, Na-Sani ya ce ya sani, ƙarar sabon ƙarfe ce. Ni ran nan na ji haushinsa har cikin ƙashina, don ni na yi wa malamin bayanin yadda rigarsa ta sami hoton taya a kafaɗa.

Da yamma ya kai motar wurin masu daidaita ƙafafun mota. Suka ɗaga, suka auna, suka zagaya da ita fili sau biyar, tana shan kwana kamar kifi, tunda babu wanda ya taɓa hon. Suka ce lafiyarta lau, a duba direba. Ya ce musu ya sani.

Washegari Laraba ya ce in raka shi ya sayo mini sabon kwano. Na shiga ne kawai don in tabbatar ba na rufin kaji zai saya ba. Muka yi tafiya lafiya har shataletalen bakin kasuwa, wanda aka shuka furanni a tsakiyarsa. Mun shiga ke nan wani mai keke ɗauke da katifa ya gitta. Na-Sani ya kwanta a kan hon. Motar ta hau dakalin shataletalen, ta bi ta tsakiyar furannin, ta sauka ɗaya gefen, daidai gaban ɗan sandan da ke ba da hannu. Mutumin ya daɗe hannunsa a sama ya manta bai sauke ba.

Ya leƙo ya tambayi Na-Sani ko ya san abin da ake yi da shataletale.

"Na sani, ranka ya daɗe. Zagayawa ake yi."

"To kai me ya hana ka?"

"Ni na zagaya. Dubi sitiyarina, har yanzu a murɗe yake. Motar ce ba ta bi ni ba."

Ɗan sandan ya dube ni, na ce ni tela ne. Ya zaga bayan motar ya dawo da reshen fure a hannu, ya ce a shekarunsa na aiki ya kama masu gudu, ya kama masu bin hannun da ba nasu ba, amma bai taɓa kama wanda ya yi gardama da motarsa ba. Bai kai mu ofis ba. Ya sa mu dasa furannin ɗaya bayan ɗaya, mu biyu, a tsakiyar rana, motoci na zagaya mu ana nuna mu da yatsa. Na-Sani yana dasawa yana gaya wa mai kula da furannin cewa dama ba a ba su tazara daidai ba.

Kafin mu dawo labari ya riga mu isa unguwa. Mai aski ya ce a nemi mai addu'a, motar an yi mata baki. Mai faci ya ce a kai wa ɗan riwaya. Na-Sani ya ce duk ba su gane ba, ƙarfi ne ya yi wa motar yawa, tana jin kwalta ta yi mata kaɗan, laka take nema. Ni na so in gaya wa Yaya komai, sai na tarar ta riga ta ji. Ta ce Alhamis gobe ce, ba ta canza magana ba, kuma ni ma zan je, don in an kafe a sami mai turawa.

Ranar Alhamis Yaya ta tashi da ciwon kai. Tana shiga mota ta ce masa idan ya taɓa hon ɗin nan ko sau ɗaya a kunnenta zai koma gida a ƙasa. Haka muka wuce mai aski ba gaisuwa, hannun Na-Sani na kaiwa kan hon yana dawowa kamar mai jin ƙaiƙayi. Kwanar shagona ta wuce sumul, shataletale sumul. Kowace kwana muka sha sai ya waiwayo ya dube ni, wai in shaida. Mashigar ma muka haye ba wahala, tunda motar ba kaya, amma sai da ya danna jan maɓallinsa ya ce wa Yaya ta ji bambanci ko. Ta ce ta ji kanta na sarawa.

Aka loda kwanduna ashirin da huɗu, jajaye masu sheƙi, muka juyo. Kafin mu dawo mashigar wata babbar mota ta bi ta dama lakar ta zama kunu. Mutane sun taru a gaɓa biyun: mata da kaya a ka, masu babura, direbobi uku da suka tsaya suna shawarar inda za su bi. Mai tarakta kuwa yana zaune a kan tayarsa, sarƙa a cinya, da ya hango mu sai ya fara warware ta a hankali.

Na-Sani ya leƙa ta taga ya ce masa ya mayar da sarƙarsa ya ɗaure akuya, zamaninta ya wuce. Ya ce wa direbobin su matso su koyi aiki kyauta. Ya ɗaga yatsa sama kowa ya gani, ya sauke shi a kan maɓalli. Maɓalli ya yi ja. Muka shiga.

Daidai tsakiya muka tsaya. Taya ɗaya a baya da ɗaya a gaba suna juyawa suna feshin laka, sauran biyun ko motsi. Ya kashe maɓalli ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna da babban yatsa, ko ɗan manuni ne bai da ƙarfi. Ya ba ta wuta, muka ƙara nutsewa har na ji sanyin ruwa a tafin ƙafata. Yaya ta duba agogon hannunta. Na dubi Na-Sani na ga gumi na bin wuyansa, sai na ji ya ba ni tausayi, duk da rumfata.

Mai tarakta ya sauko ya tako cikin ruwa har gaban motar. Ya tsaya yana kaɗa sarƙa, ya tambaya da ladabi ko akuyar ta shirya. Jama'a suka fashe da dariya. Nan zuciya ta ɗebi Na-Sani, ya manta da ciwon kan Yaya, ya naushi hon.

Ƙwas! Motar ta yunƙura gaba kamar an tsikare ta, mai tarakta ya yi baya ya zauna daɓas a cikin laka. Na-Sani ya firgita ya saki hon, motar ta koma ta lafe. Ya dube mu, muka dube shi. Ya sake dannawa, ta yunƙura. Ya saki, ta lafe. Na ga Yaya ta sauke hannu daga goshi tana duban sitiyarin, tana duban maɓallin, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Na sani!" in ji Na-Sani, fuskarsa ta washe. "Tsawa take so. Mota mai ƙarfi sai da tsawa."

Ya ɗora gwiwar hannu a kan hon ya danne, ya taka totur. Gaskiya dole in faɗa, abin da na gani ya burge ni. Tayoyi huɗu suka kama tare, motar ta tsaga lakar nan da kwandunanta ashirin da huɗu, ta hau gaɓa tana kururuwa, tsuntsaye na tashi daga bishiyoyi, jakin wata mata ya tsinke igiya. Jama'a suka yi ta tafi. Direbobin nan uku har da ɗaga hula. Na-Sani ya fitar da kai da hannu ɗaya ta taga yana amsa gaisuwa, gwiwar ɗaya hannun tana nan a kan hon, don a ganinsa yanzu ne ma gaisuwa ta wajaba.

A saman gaɓar hanya ta yi kwana zuwa dama, domin a gaba akwai ramin masu yin bulo, inda suke kwaɓa yumɓu. Yaya ta ce ya saki hon. Bai ji ba, saboda hon. Ta ɗaga murya, ni ma na ɗaga. Ya murɗa sitiyari dama da hannu ɗaya ba tare da ya dubi gaba ba, yana yi wa mai tarakta gwalo. Muka bi ta kan bulo ɗanye da aka jera a rana, layi huɗu, muka gangara cikin ramin da hanci. Bayan motar ya ɗaga, kwanduna suka zame, tumatir ya yi ta zubowa ta kan rufi yana wucewa ta gaban gilashi. Sai a nan hon ya yi shiru.

Ta taga muka fita. Yumɓun ya kai mini ƙugu, takalmina ɗaya yana can har yau. Jama'ar da ke tafi ɗazu duk suka hauro suka kewaye ramin, masu bulo suna lissafa asararsu da ƙarfi, tumatir na yawo a kan ruwa. Na-Sani ya hau kan rufin mota ya fara jawabi. Ya ce kowa shaida ne ya haye mashigar, wannan ramin kuwa ba ya cikin yarjejeniya, kuma wanda ya haƙa rami a inda mota ke son bi shi ya kamata a tuhuma.

Yaya ba ta saurare shi ba. Ta ce wa ɗaya daga cikin direbobin ya durƙusa kusa da tayar baya ya kasa kunne. Ta zura hannu ta taga ta danna jan maɓallin. Ya ce bai ji komai ba. Ta danna hon, ya ce ya ji ƙwas. Ta saki, ƙwas. Ta yi haka sau uku, a hankali, yadda har matar da ke neman jakinta ta gane. Wani ya ce wato duk gaisuwa kulle ce. Dariyar da aka yi a bakin ramin nan na tabbata an ji ta a kasuwa. Mai tarakta ya yi ta yi har ya kasa ɗaura sarƙa, sai da aka taya shi.

Aka jawo motar, aka tsince abin da ya tsintu, kwando goma sha ɗaya, rabinsu da yumɓu. Yaya ta yi magana da masu bulo suka rabu lafiya. Sannan ta juyo ta miƙa wa Na-Sani tafin hannu. Ya dubi hannun, ya dubi jama'a. Duk tsawon zamana da shi ban taɓa jin ya yi magana ƙasa-ƙasa ba sai ranar.

"Yaya, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi."

Ya zare makullin daga yatsa da ƙyar, kamar zobe ne da ya daɗe a hannu, ya sa mata. Idonta ya ciko, na gani, don ita ta goya shi, amma ba ta mayar ba. Ta gyara ɗaurin zane ta zauna a mazaunin direba, gwiwa ko ba gwiwa. Ya zo zai shiga gaba ta ce a'a. Ta ce hon ba zai taɓu ba sai an kai wa ɗan riwaya, ga kwanar hanya fiye da goma a gabanmu, ga mutane a hanya, mota kuwa ba ta tafiya ba hon. Don haka ta ce ya hau baya ya tsaya a tsakanin kwanduna, duk lokacin da ta buga rufi da hannu ya yi aikin hon.

Ya ce ai yana iya cewa a ba da hanya. Ta ce mutane ba sa kaucewa don an ce a ba da hanya, hon suka sani.

A hanyar daji abin bai yi masa zafi ba, shanu ne kawai ke ji. A shataletale ɗan sandan nan ya gane mu, ya bi mu da kallo har muka zagaya muka fita. Muka sauke kwanduna a kasuwa, muka nufo unguwa. Daga nesa na hango mai aski da mai faci a kan benci, ga ɗan riwaya a tsakaninsu, labari ya riga ya kawo shi. Duk layin an fito.

Muka zo kwanar shagona, wani tsoho na tsallakawa da sanda. Yaya ta buga rufi. Shiru. Ta rage gudu ta sake bugawa, da ƙarfi. Sai muka ji daga sama, da wata 'yar siririyar murya da ban san yana da ita ba:

"Pim-pim."

Tsohon ya kauce, motar ta sha kwana lafiya lau.